Kilo Huɗun da Suka Ɓata a Hanyar Gbegame

Ni mace ce mai zargi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. In mai kifi ta yi mini fara'ar da ta fi ta jiya, sai na juya kifin na duba cikinsa. In tela ya ce yadi biyar ba zai isa ba, a kansa nake tsayawa har ya yanka. A Zangon Kwatano, can ƙasar Benin, aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata, kuma a gidan da ake sayar da abin awo na tashi. Shekara da shekaru ina alfahari da cewa ba a taɓa cutata an kwana lafiya ba.

Sana'ar gidanmu man gyaɗa ce. Ana kawo mana shi daga arewa a cikin duro, mu kuma mu sayar wa masu ƙosai da masu soya doya da matan gida, wani kwalba, wani jarka. Abin awonmu wani gwangwanin ƙarfe ne mai mariƙi, lita ɗaya cif, wanda Inna ta gada a wurin uwarta. Ya yi baƙi, gefensa ya loɓa, amma bai taɓa ƙarya ba. Jarkar nan ruwan ɗorawa, wadda mu a nan muke ce wa bido, sau ashirin da biyar ake zuba mata gwangwanin ta cika. Da idon Inna ya fara rauni sai ta koma tsakar gida da tasbaharta, ta bar mini shago da gwangwani da mazurari.

Ta kuma bar mini Baba. Baba ba mahaifina ba ne, wani ɗan dako ne, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zo Kwatano tun yana saurayi bai koma ba sai dai ziyara. Yana da kura mai ƙafa biyu, irin wadda 'yan gari ke kira pus-pus, tana cin jarka goma daidai. Da sassafe yakan tura ruwa zuwa gidajen da ba su da famfo, sau ɗaya ko biyu, in hantsi ya yi sai ya koma dakon kayan 'yan kasuwa: mai, shinkafa, atamfa. Dakon kaya shi ne abincinsa, ruwan nan ƙari ne kawai. A layinmu ba wanda ke ƙirga kaya in zai ba Baba. Sai dai a nuna masa, a faɗi inda za a kai, a koma ga abin da ake yi. Tun ina rarrafe ya san ni, kuma ko bayan na yi aure na haihu har na je Makka, bai taɓa kirana da wani abu ba sai “ɗiyata”.

Akwai wata al'ada a gidanmu wadda Inna ta kafa. Duk duron da ya ƙare ba a mayar da shi nan take. Sai a kifa shi a kan roba ya yi kwana biyu yana tsiyayewa, abin da ya taru kuma na Baba ne. Ɗigo muke ce masa. Ni ma da na karɓi shago ban fasa ba, ko da yake wani lokaci in na ga yawansa raina yakan ɗan sosu.

Rigimar ta faro ne daga wata sabuwar mai saye, wata mata 'yar ƙabilar Fon a unguwar Gbegame. Madam muke ce mata. Cincin take soyawa da yawa, ta ɗura a kwalabe ta kai manyan kantuna. Tana da 'ya da ta dawo daga makarantar koyon girki da farar hula da wani sikeli mai lantarki, irin mai nuna lamba da jan haske. Tun da yarinyar nan ta dawo, komai na gidansu ya koma kilo. Fulawa kilo, sukari kilo, har mai. Madam ta zo shagona da kanta, ta ɗanɗana man a yatsa, ta ce tana son kilo hamsin duk Litinin.

Ban ko yi tunani ba na ce an gama. Ai na yi lekol, wato makarantar boko, shekara shida cur, har da takardar shaida. Ina iya tuna malaminmu da bulalarsa yana sa mu maimaitawa da Faransanci cewa lita ɗaya kilo ɗaya ce. Kilo hamsin ke nan lita hamsin, lita hamsin kuwa jarka biyu. Ran Litinin na cika jarka biyu, Baba ya ɗora a kura ya tafi.

Kafin azahar wayata ta yi ƙara. Madam ce. Ta ce sun juye man a tukunya a kan sikeli, kilo arba'in da shida suka samu.

Madam na fara zargi, ba sai an tambaya ba. Na ce a raina, wato sabuwar ciniki ce za ta fara da gwada ni, ta ga ko 'yar Zango barci take yi. Na amsa mata da sanyin murya, na ce zan duba, na aika mata da cikon. Litinin ta biyu na kori kowa daga shago, na zauna ni kaɗai ina zuba gwangwani ina jefa tsakuwa a kwano don kada ƙirge ya kuɓuce mini. Tsakuwa hamsin. Har na ɗan ƙara kaɗan a bakin kowace jarka. Kafin azahar waya ta sake ƙara: arba'in da shida, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Daga nan barci ya fara yi mini wuya. Na zargi gwangwanin kakata, na gwada shi da gorar ruwan kanti mai rubutun lita a jiki, ya fito daidai. Na zargi jarkokin, na cika su da ruwa na ajiye a kan busasshen siminti yini guda, ko ɗigo bai fita ba. Na yi tambaya a kan Madam a wurin mai kai mata sukari daga wajen unguwar Sant-Rita, ya ce shekara takwas yana hulɗa da ita, ba ta taɓa yi masa gardamar awo ba. To, in mai ya bar hannuna lita hamsin, ya isa hannunta da giɓin huɗu, tsakanina da ita me ke akwai? Hanya ce kawai, kuma mutum ɗaya ne a kan hanyar.

Da farko na yi a'uziyya, na kori tunanin. Ya dawo. Na fara lura da abubuwan da ban taɓa lura da su ba. Daga Zango zuwa Gbegame, ko da yashin lungunan nan da ke riƙe ƙafar kura, tafiyar rabin awa ce, amma Baba sai ya yi awa ɗaya da wani abu. Na lura hannun rigarsa yana da maiƙo. Mutumin da ya shekara arba'in yana dakon mai, wai ni a ranar na ga maiƙo a rigarsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne giɓin ba ya canzawa. Ba uku ba, ba biyar ba, kullum huɗu. Na ce wannan ba yoyo ba ne, wannan aikin mai hankali ne, wanda ke da abin awonsa.

Na ce bari in jefa masa maganar in ga yadda fuskarsa za ta yi. Yana ɗaure jarkoki da igiya na ce, kamar da wasa, “Baba, ka ji wani abin mamaki? Litir hamsin nake aunawa, in ya isa wurin Madam sai balans ɗinta, sikelin nan, ya ce kilo arba'in da shida.”

Ko ɗagowa bai yi ba. Dariya ma ya yi.

“To mi ne na mamaki, ɗiyata? Ai mai bai kai ruwa nauyi ba. Ni da ke tura su duka biyun, ƙirjina ya sani. Bido goma na ruwa daban, bido goma na mai daban.”

Wannan amsa ita ta gama lalata shi a wurina. Da ya yi shiru, ko ya yi salati, ko ya ce ikon Allah, da wataƙila na sassauta. Amma amsa ta fito a shirye, sumul, kamar an daɗe da tanadarta. Na ce a raina, ji tsoho, ko alif na boko bai sani ba, zai koya mini lissafin da na sha bulala a kansa. Jarka ɗaya, cika ɗaya, ta yaya wata za ta fi wata nauyi? Na yi murmushi na ce masa haka ne, Baba. Zuciyata kuwa tafasa take yi.

Litinin ta huɗu na yi abin da ba a taɓa yi a gidanmu ba. Na sa leda a bakin kowace jarka kafin in murɗa murfi, na naɗe murfin da jan zare, na kunna kyandir na ɗiga kakinsa a kan ƙullin. Baba yana tsaye yana jira, yana kallon hannuna. Da na gama ya ɗauka ya ɗora, ya gyara hularsa, ya tura. Na ga kamar kafaɗarsa ta ɗan sauka, sai na fassara shi da cewa ya ji an toshe masa hanya.

Waya ta yi ƙara kafin azahar. Madam ta ce zare yana nan, kaki yana nan, ita da kanta ta fasa. Arba'in da shida.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni kuwa cewa na yi, ai kyandir ba a hannuna kaɗai yake ba, jan zare kuma ko'ina ana sayarwa.

Litinin ta biyar na bi shi. Na ba shi rata, na tsayar da ɗan zem, masu babur ɗin haya na garin nan, na ce ya bi kurar can a hankali kada ya matsa. Ɗan zem ɗin yana ta waiwayena yana murmushi, ya zaci miji nake bi. Kafin a tsallaka layin dogo sai na ga Baba ya karya kwana ya shiga wani lungu, inda yake haya a wani ɗaki na langa-langa. Ya jingina kurar a bakin ƙofa ya shiga. Daga inda na laɓe ba na ganin jarkokin sosai, katangar wani gida ta tare ni. Ya yi kamar minti goma sha biyar, ya fito yana ɗingishi kaɗan, ya ci gaba da tafiya.

Na jira ya yi nisa, na sauka na je. Ƙofar ba kulle, labule ne kawai na tsohon buhu. Na ɗaga. Tabarma, buta, akwatin ƙarfe, wani ƙyalle mai warin man zafi a ƙasa. Sai can a jikin bango, a jere, kwalabe bakwai cike da man gyaɗa, kowace an toshe bakinta da totuwar masara. Launin man ma na gane, namu ne. Wallahi daɗi na ji. Abin kunya ne in faɗa, amma daɗi na ji, irin na wanda ya daɗe ana ce masa ya cika zargi sai ga shi gaskiyarsa ta fito.

Bayan la'asar 'yan layinmu sukan taru a kan benci a ƙofar shagona, saboda inuwar nan ta fi ta ko'ina. Ranar akwai mai shinkafa, akwai Hajiya mai atamfa, akwai wasu dattawa biyu da suka fito daga masallaci. Baba ya iso da jarkoki wayam, ya yi sallama. Da na ja shi gefe, da na shiga da shi wurin Inna, da komai ya zo da sauƙi. Amma ina so a gani.

Na ce, “Baba, ka ji tsoron Allah.”

A Zango in aka ce wa dattijo haka a gaban mutane, an gama faɗin komai. Ya tsaya da jarka a hannu, ya ce, “Mi na yi, ɗiyata?”

Na zazzage duka. Kilo huɗu duk mako, awa ɗaya a tafiyar rabin awa, tsayawa a lungu, kwalabe bakwai a jikin bango. Da na ambaci kwalaben sai ya ɗago ya dube ni sosai.

“Ɗakina kika shiga?”

“Na shiga.”

“Ɗigon da Innarki ta ba ni ne. Tarawa nike, in kai ma iyali in Sallah ta zo. Tsayawa kuwa, gwiwa nike ɗaurewa.”

Na ce, “Ɗigo ba ya cika kwalba bakwai.”

Ya ajiye jarkar a hankali, ya jera ta kusa da 'yar'uwarta, ya kwance igiyarsa ya naɗe. Sannan ya ce, “To, Hajiya. Allah ya isar ma kowa.” Ya tura kurarsa ya tafi. Ranar ce ya fara ce mini Hajiya.

Inna ta ji komai daga tsakar gida, don idonta ne ya yi rauni, kunnenta garau yake. Da na shiga ta ce, “Mutumin da ya kama makarar ubanki kika tsayar a titi?” Na ce Inna ba ki ga abin da na gani ba. Ta ce, “Ni da ba na gani ma na fi ki gani.” Ta juya mini baya, ranar ko tuwon da na kai mata ba ta taɓa ba. Washegari da safe muka tarar da kwalabe bakwai a jere a ƙofar ɗakinta.

Magana a Zango ba ta kwana a wuri ɗaya. Kafin Juma'a mai shinkafa ya ba wani mai keke mai ƙafa uku dakonsa. Hajiya mai atamfa ta fara ƙirga turamenta a gaban Baba da babbar murya, sannan ta daina kiransa gaba ɗaya. Kowa sai ya tuna da wani abu da ya taɓa ɓata masa shekara biyar baya. Ni kuma ina zaune a shago ina karɓar jaje, ana ce mini ai gara da na sa ido.

Litinin ta shida na ce da kaina zan kai. Na auna, na ɗauki mai keken nan, na zauna a baya tsakanin jarkoki biyu, hannuna ɗaya a kan kowane murfi har Gbegame. Na sa gwangwanin kakata a jaka, don in nuna wa Madam irin awon gidanmu. Ina shiga na ce yau za ta ga hamsin ɗinta, an kawar da ɓarawo. 'Yarta ta ɗora babbar tukunya a kan sikeli, ta danna lambar ta koma sifili, aka juye jarka ta farko, aka juye ta biyu, na tsaya har ɗigon ƙarshe ya sauka. Jan hasken ya yi rawa ya tsaya. Arba'in da shida.

Duk da haka bakina bai mutu ba. Na juya kan Madam. Na ce ashe ɓarawon a gidan nan yake zaune, an saye shi a kanti an sa masa batir. Ita ma ba ta da sanyi. Ta ɗaure zane, muka hau sama, ni da Faransanci ita da Fon, masu suyarta suka bar kasko suna kallo. Na ce mako biyar ina ciko daga jikina saboda injin ƙarya. Ta ce in ɗauki maina in fita.

Yarinyar ce ta shiga tsakani. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Tanti, dakata. Ke da litir kike aunawa?” Na ce da me kuwa, na zaro gwangwanin na ɗaga mata. Ta dafe kai. Ta ce ita duk zatonta sikeli nake da shi a shago.

Ta karɓi gwangwanin ta ɗora, ta mayar da lamba sifili. Ta cika shi da ruwan famfo har baki. Giram dubu, wato kilo ɗaya, da ɗan motsi kaɗan. Na ce yawwa, ka ji gaskiya. Ta zubar, ta goge shi tas da tsumma, ta cika shi da man da na kawo, shi ma har baki. Ɗari tara da ashirin.

Ko a nan ban sallama ba. Nan take zargina ya tsallaka arewa, ya sauka a kan matan da ke matso mana man. Na ce to gauraye suke yi, sun sa masa wani abu. Yarinyar ta shiga ciki ta ɗauko man kanti wanda ba a fasa ba, ta fasa a gabana ta auna. Kusan lamba ɗaya. Sai ta ɗauki kofin gilashi ta zuba ruwa rabi, ta tsiyaya mai a kai, ta miƙo mini. Man ya taso ya kwanta a sama.

Na tsaya riƙe da kofin. Ni da na shekara talatin ina kallon mai yana yawo a saman miya. Ni da nake kwashe shi da ludayi in ya yi yawa. Ban taɓa tambayar kaina abin da ya sa yake hawa sama ba. Sai muryar malaminmu ta dawo mini, da bulalarsa da allonsa, da ƙarshen jimlar da na yar a hanya tun ina yarinya: lita ɗaya ta ruwa. Ta ruwa ya ce.

Yarinyar ta rubuta mini a bayan kwalin sukari. Litar mai ba ta cika kilo ba, takan gaza da kamar giram tamanin. Jarka mai lita ashirin da biyar kilo ashirin da uku ce. In kilo ɗaya ake so, sai a zuba lita ɗaya a ƙara kamar cikin ƙaramin kofin shayi. Kilo hamsin kuwa lita hamsin da huɗu ne da 'yan kai. Madam ta huce har tana dariya, ta ce ashe duk rigimar nan ba ɓarawo. Ta kawo mini cincin a faranti. Ban iya ci ba, domin ita ba ta san abin da na yi a ƙofar shagona ba.

A bakin famfon unguwa na same shi, yana cika jarkoki da rana tsaka, lokacin da a da yake dakon kaya. Na durƙusa a cikin caɓalin wurin, mata masu ɗiban ruwa suna kallona. Na ce, “Baba, gaskiyarka ce. Mai bai kai ruwa nauyi ba. Ka faɗa mini, na ƙi ji. Don Allah ka yafe mini.”

Ya rufe famfo. Ya ce, “Tashi, Hajiya, zanenki na jiƙewa. Ni na yafe tun ranar. Amma ba nan kika ɗaura ba. Inda kika ɗaura, can za ki kwance.”

Na kwance, ko in ce na gwada. Bayan la'asar na aro babban sikelin mai shinkafa na kafa a gaban benci. Na sa aka kira duk wanda yake wurin ranar farko, har da waɗanda ba sa nan. Na ɗora jarkar ruwa, na ɗora jarkar mai, kowa ya matso ya ga allurar da idonsa, bambancin kilo biyu. Na ce da ƙarfi Baba bai taɓa mini ko cokali ba, ni ce jahila, ni ce azzaluma, kwalaben nan ɗigon Inna ne. Aka yi ta salati, ana ikon Allah, ana Allah sarki Baba. Wasu ma abin ya zame musu wasa, suna ɗaga jarkoki suna gwadawa.

Ina tattara sikeli na ji Hajiya mai atamfa tana ce wa ta kusa da ita, ƙasa-ƙasa, “Haka ne dai. Amma kwalba bakwai fa, ɗigo kawai?” Maganata ce, da bakina na ƙera ta, ga ta tana yawo ba ta buƙatata. Mai shinkafa kuwa ya ce ya ji daɗi ƙwarai da gaskiya ta fito, sai dai ya riga ya saba da mai keke, kuma keke ya fi sauri.

Inna ta aika wa Baba da kwalabensa, ya karɓa saboda daga hannunta suka fito. Ni kuma na je sau uku ina roƙonsa ya dawo dakon maina. Na ce ba zare, ba leda, ko murfi in ya ga dama kada a sa. A zuwa na uku ya yi ɗan murmushi ya ce, “Bar ni da ruwana, Hajiya. Shi ba mai ɗiga mishi kyandir.”

Yanzu ina da sikeli a shago, mai jan haske irin na Madam. Kwalin sukarin nan yana manne a bango. Masu saye da kilo da masu saye da lita duk ina sallamarsu ba gardama, har matan layi sukan zo in juya musu lissafi, suna cewa kaina yana ja. Duk duron da ya ƙare ina kifa shi kwana biyu kamar da, Inna ta aika da ɗigon da sunanta.

Baba yana wucewa ta ƙofar shagona sau shida, wani lokaci bakwai, daga safe zuwa la'asar, gwiwarsa ɗaure da ƙyalle. Yakan ɗaga hannu ya ce, “Sannu da aiki, Hajiya,” in ce sannu Baba. Sai in bi kurar da ido, lissafin ya zo da kansa ko ban kira shi ba. Jarka goma ce a kai, duk ruwa. Kowace ta fi ta mai da kilo biyu. Kilo ashirin ke nan a kowane zuwa, a cikin yashin Zango, kuma ni na ɗora masa.